Daga Fatoma zuwa Kuɗin Wata: Tarihin Masauki a Difa

Idan mai gida a Difa ya ce ya ba da ɗaki haya "har da ruwa da wuta", wasu kan ɗauka sabon salo ne da ƙungiyoyin agaji suka kawo. Alhali kuwa tsarin ya girmi birnin kansa.

Tun zamanin daular Barno, falke ko mai koren shanu da ya iso kasuwannin kwarin Komadugu Yobe, wurin fatoma yake sauka. Fatoma ya ba shi ɗaki da tabarma, ruwan randa da tuwon dare, ya adana masa kaya, ya nemo mai saye, ya kuma tsaya masa in an ci bashinsa. Ba a yanka kuɗin kwana; la'adar ciniki ke biyan kome. Irin wannan tsari ne Abner Cohen ya tarar wurin Hausawan Sabon Ibadan, ya bayyana shi a littafinsa na 1969.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne albashi. Da aka mai da Difa hedikwatar jiha a 1964, sai ga baƙi na daban, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, waɗanda ba su da hajar da za a ci la'ada a kanta. Dole aka koma kuɗin wata. Bayan kafa NIGELEC a 1968, da shigowar famfo gidaje sannu a hankali, ruwa da haske suka zama abin awo. Gida mai ƴan haya shida, na'urar awo ɗaya: wa ke da fanka, wa ya ɓoye firiji? Gudun wannan rigima, a ganina, shi ya sa wasu masu gidaje ke haɗa kome a kuɗi guda, ba karimci ba.

A ƙarshen Nuwamba 2014 Boko Haram ta afka wa Damasak, dubban mutane suka ƙetare kogi zuwa Gagamari. A Fabrairu 2015 harin ya iso Difa. Baƙi iri biyu suka cika gari. Masu gudun hijira da yawa dangi da talakawa suka saukar, ba sisi, randa ɗaya ake sha. Ƙungiyoyin agaji kuwa suka kama manyan gidaje, har da injin wuta, haya ta tashi. Malamin da aka turo aiki a shekarun nan bai da dangi a Gagamari, albashinsa kuma bai kai na ƙungiya ba.