Tarihin SSL da TLS, Tsarin Rufe Saƙo da Takardar Shaida a Intanet

SSL, da magajinsa TLS, tsari ne na rufe saƙon da ke tafiya tsakanin kwamfutoci biyu, ta yadda mai laɓe a hanya ba zai iya karanta shi ba. Da shi manhajojin bankuna da manyan kamfanoni ke musayar bayanai da juna.

Asalinsa lissafi ne. A 1976, Whitfield Diffie da Martin Hellman na Amurka suka nuna yadda mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su iya daidaitawa kan makullin sirri ɗaya, ko da duniya na sauraronsu. Sai dai rufe saƙo ba ya tabbatar da wanda ake magana da shi. Ƙa'idar X.509 ta 1988 ce ta kawo daidaitaccen tsarin takardar shaida ta dijital, wadda wani kamfani amintacce ke sa wa hannu cewa makulli kaza na wane ne.

Kamfanin Netscape ya haɗa dabarun biyu, ya fitar da SSL 2.0 a 1995, sannan 3.0 a 1996. Taher Elgamal, haifaffen Masar, na cikin jagororin aikin. Daga baya ƙungiyar IETF ta karɓi ragamar tsarin, ta fitar da shi da sunan TLS a 1999, kodayake har yau tsohon sunan bai bar bakin ma'aikata ba. TLS 1.2 ya fito a 2008, TLS 1.3 kuma a 2018.

Inda aka fi jin jiki shi ne wajen amanar takardun. A 2011 masu kutse suka shiga kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan, suka buga ɗaruruwan takardun bogi, ciki har da ta Google, wadda aka yi amfani da ita wajen leƙen saƙonnin mutane a Iran. Makullin bai karye ba, mai ba da shaidar aka yi wa sata. Masu burauza suka janye yardarsu, kamfanin ya durƙushe a watan Satumba na shekarar. Daga nan aka ɓullo da rajistar fili, inda ake rubuta kowace takarda da aka bayar domin kowa ya gani.

Akwai kuma mantuwa da sabunta takarda, abin kunyar da ya fi kutse yawa. Kowace takarda tana da ranar ƙarewa. A Disambar 2018, takarda ta ƙare a manhajar Ericsson, miliyoyin masu layin O2 a Birtaniya da SoftBank a Japan suka rasa sabis.

Let's Encrypt, da ya fara aiki a 2015, ya sauya al'ada: takarda kyauta, mai kwana 90, wadda na'ura ke sabuntawa da kanta. A 2025 majalisar masu ba da takardu da masu burauza ta amince a riƙa rage wa'adin daga kwana 398 har ya koma 47 a watan Maris na 2029. Kamfanin da har yanzu yake bin ranakun takardunsa da hannu, aiki na jiransa.