Daga Maƙera zuwa Gareji: Masu Gyaran Injin Girbi a Ƙasar Sakkwato

Mai gyaran kayan girbi na farko a ƙasar Sakkwato maƙeri ne. Kaka na ƙaratowa, manoman fadamar Rima da na gulbin Sakkwato sukan kwashi lauje da magirbi su nufi maƙera, a sake musu kaifi, a ɗaure ƙotar da ta saki. Shinkafa a yanke ta da lauje, a tara, a buge, mata su sheƙe a iska. Gero a kwantar da karansa, a yanke kai, a ɗaure dami a kai rumbu. Aiki ne mai cin ƙarfi da cin lokaci, ba zan yi masa ado ba. Amma duk abin da ya karye a cikinsa akwai mai gyara shi a cikin gari, da ƙarfen da ke cikin gari, kuma da wuya manomi ya kwana bai karɓi kayansa ba. Da wannan nake auna duk abin da ya zo daga baya.

Inji ya fara shiga fadamarmu ne a farkon shekarun 1950, lokacin da gwamnatin Turawa ta kawo taraktoci su riƙa yi wa manoman shinkafa huɗa a lardin Sakkwato. Huɗa kawai suka yi, girbi ya ci gaba da zama a hannun lauje. Sai dai daga nan aka fara samun 'yan ƙasa da suka san cikin injin gona, direbobi da yaran kanikawa.

Shi kuwa injin da ke haɗa yanka da sussuka da sheƙa a tafiya guda, a Amurka aka haife shi. Hiram Moore ya ƙera irinsa a jihar Michigan cikin shekarun 1830, dawaki ke jan sa. A 1938 kamfanin Massey-Harris na Kanada ya fitar da mai tafiya da kansa. An yi shi ne don gona shimfiɗaɗɗiya mai faɗi, mai amfani iri guda da ke nuna lokaci guda. An kuma yi shi da sanin cewa a garin da ke kusa akwai dillalin kamfani, da kayan gyara jere a kanta. Mu inji muka sayo, dillalin da kantarsa suna can inda suke.

Abin da ya kawo shi nan shi ne farin farkon shekarun 1970 da kuɗin man fetur. A 1973 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Aka ba kamfanin Impresit, na gidan Fiat ta Italiya, aikin madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, aka gama ta a 1978, da shirin ban ruwa ga hekta wajen 23,000. A lokacin Mafara tana cikin jihar Sakkwato, sai 1996 aka yanke Zamfara. Bakolori, da Kadawa a Kano, da kudancin Tafkin Chadi, su ne manyan wurare uku da aka ɗora wa begen alkama, don burodi ya riga ya zama abincin birni kuma kusan duk alkamarsa daga waje take zuwa. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun rubuta littafi guda a kan wannan, The Wheat Trap, a 1985. Ba zan wuce Bakolori ban ambaci Afrilun 1980 ba, watan da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu. Gwamnati ta faɗi adadin mamata kaɗan, mutanen yankin suna maganar ɗaruruwa. Duk wanda zai ba da tarihin injin noma a wannan ƙasa, wajibi ne ya tuna a kan gonar wa aka shimfiɗa shi.

A cikin wannan zamani kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya shiga sana'ar. Ɗan gidan ƙira ne, ya bar zuga-zugi ya koyi gyaran manyan motoci, daga nan aka ɗauke shi a garejin wata babbar gona da ke noman alkama da shinkafa. Yanzu tsufa ya zaunar da shi a Gawon Nama, ba nisa da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Unguwar ba ta da gonar da inji zai shiga, kwalta ce da shataletale da shagunan magani. Amma a zauren gidansa na koyi abin da nake rubutawa, kuma har yau idan babbar mota ta wuce ɗauke da injin girbi, yakan bi ta da ido ya faɗi ƙasar da aka ƙera shi.

Yadda ya kwatanta mini cikin injin shi ne haka. A gaba akwai majanyi mai juyawa da ke kwanto da kara, a ƙarƙashinsa jerin wuƙaƙe na kai da komo suna yanka. Ƙarfe mai murɗi ya tattaro abin da aka yanka zuwa tsakiya, sarƙa ta haura da shi cikin ganga. Gangar nan ita ce zuciyar aikin: tana juyawa da gudu a kan wata raga ta ƙarfe mai lanƙwasa, tana murje tsaba daga zangarniya. Tsaba ta faɗa kan rariya mai girgiza, fanka ta hure ƙaiƙayi, kara ya fita ta baya, hatsi ya hau tanki. Duk wannan, a manyan injunan wancan lokaci, bel da sarƙa da boris ne ke tafiyar da shi daga inji guda. Bel ɗaya ya tsinke, komai ya tsaya.

Abin da ya bambanta shi da mota, inji ne da ke aiki makonni kaɗan a shekara. Alkama ana shuka ta tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba don ta sha sanyin hunturu, a girbe ta wajen Maris. Shinkafar damina kuwa sai Oktoba zuwa Nuwamba. Sauran watannin yana ajiye. Kawu ya taɓa ce mini, “Ɗana, injin ga ba a gona shika mutuwa ba. A rumhwa shika mutuwa, cikin watannin da babu mai dubin shi.” Ya lissafa mini yadda abin yake faruwa. An gama girbi an kulle shi da ragowar hatsi a ciki, ɓeraye su shiga su ci hatsin, su haɗa da wayoyin wuta. Damina ta sauka, hatsin da ya maƙale a lungu ya jiƙe ya tsiro, ƙasan ƙarfen ya ruɓe. An bar bel a ɗaure cikin zafin bazarar Sakkwato, ya bushe ya tsattsage. An bar tankin mai rabi, raɓa ta taru a ciki, ranar tayarwa ruwa ya isa nozul. Don haka aikin bakanike na gaskiya yana farawa ne ranar da girbi ya ƙare: a buɗe kowace ƙofa a share, a hure, a sassauta bel, a shafa wa sarƙa mai, a cika giris, a cire batir, a ɗora injin a inuwa. Wata guda kafin sabon girbi a sake bi ɗaya bayan ɗaya.

Cikin kwanakin aiki kuwa, abokin gaba ƙura ce. Girbin alkama yana faɗowa a ƙarshen hunturu, ƙurar sama ta haɗu da ta ƙaiƙayi. Matatar iska sai an kakkaɓe ta kullum, lagireto sai an hure shi, in ba haka ba inji ya ɗauki zafi kafin azahar. Kawu ya ce da sun tsaya hutu, yakan zagaya yana ɗora bayan hannu a gidan kowane boris. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi, shi ne zai ci amana. Kuma boris mai zafi a cikin busasshen ƙaiƙayi gobara ce, gobarar da ke cinye inji ta wuce cikin gona.

Wani zai tambaya me ya sa injin bai taɓa shiga gero da dawa ba, alhali su ne abincinmu. Dawarmu da geronmu dogaye ne, sun fi mutum nesa, ana shuka su a kan kunya, da wake a tsakani, kuma ba sa nuna rana guda. Ba a ƙera injin don irin wannan gona ba. Shi ya sa ya tsaya a filin ban ruwa, arzikinsa ya rataya a kan alkama da shinkafa, su kuma suka rataya a kan abin da gwamnatin tarayya ta ga dama a kowane zamani.

A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki, aka karya darajar naira, cikin shekara guda dala ta kai wajen naira 4. A 1987 aka hana shigo da alkama, aka ce a noma ta a gida. Wato an fi bukatar injin a daidai lokacin da kayan gyaransa suka fi ƙarfin aljihu. A nan ne, a ganina, sana'ar ta nuna ko su wane ne 'ya'yanta. Kanikawa suka fara yanka inji guda su ciyar da biyu. Kawu yakan hau mota zuwa Ƙofar Ruwa a Kano da mataccen boris a aljihu, yana bin shaguna yana gwadawa da na manyan motoci har ya dace. Abin da babu shi a kasuwa a kai Panteka ta Kaduna a zuba ko a sassaƙa. Wuƙaƙen gaba kuwa gida ya komo da su. Ya kai wa 'yan'uwansa maƙera samfur, suka yanko daga tsohon sifirin ɗin mota, suka buga, suka kaifafa. Ina jin alfahari duk lokacin da na tuna wannan. Amma shi da kansa bai ɓoye mini iyakarsa ba: wuƙar maƙera tana dakushewa da wuri, kuma babu maƙerin da zai ƙera famfon mai ko nozul. Dabara ta ƙara wa injunan shekaru, ba ta hana su mutuwa ba.

A 1992 aka ɗage haramcin, alkamar waje ta dawo da arha, ta gida ta kwanta. Injunan da suka rage suka zama jari ga masu sayen tsohon ƙarfe. Kanikawan suka watse. Wasu suka koma manyan motoci, wasu janareto, da yawa suka kama gyaran ƙananan injunan ban ruwa da suka cika fadamu a shekarun 1990. Kawu yana cikin waɗannan. An gama madatsar Goronyo a kan Rima tun 1984, ruwa na nan, amma shinkafar da aka noma a ƙarƙashinta da lauje aka yanke mafi yawanta, a buge a jikin duro a kan tamfol.

Dawowar injin ta biyo shinkafa. A Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi. Manyan masana'antun casa, irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, suka buɗe baki suna neman shanshera, aka kuma rufe iyakoki a Agustan 2019. Noman rani ya bunƙasa, girbinsa na faɗowa cikin zafin Afrilu da Mayu, ga ruwan farko na barazana, ga 'yan ƙwadago sun yi tsada. Injin da ya zo wannan karon ƙarami ne, ƙirar Asiya, na Kubota ta Japan da ire-irensa na Sin, mai tafiya a kan sarƙar roba don kada ya nutse a laka, mai iya juyawa a ƙaramin fili. Da yawa na 'yan kasuwa ne da ke ba da haya, a ɗora shi a mota daga wannan fadama zuwa waccan. Wannan sauyi ya fi kowane muhimmanci a wurina. Mai injin da ya sa kuɗinsa ya san ranar da ya tsaya asararsa ce, don haka bakanike yana cikin ayarin, ba ya zaune a ofis yana jiran takardar izinin sayen bel.

Amma shinkafa ba ta da sauƙi ga ƙarfe. Buntunta da karanta suna da kaushi irin na yashi, suna cinye wuƙa da haƙoran ganga da murɗaɗɗen ƙarfe da sauri fiye da alkama, kuma da ɗanyenta ake yanke ta, tana toshe rariya. Samarin da ke gyaran yanzu da yawansu daga gyaran babur da janareto suka taso. A waya suke kallon yadda ake kwancewa, littafin injin kuma da Turanci yake ko da rubutun Sin. Suna da hannu da kaifin kai. Abin da suka rasa shi ne wanda zai gaya musu abin da littafi bai faɗa ba, kuma mutanen da suka san wannan, tsaran kawu, suna ƙarewa ba tare da kowa ya rubuta abin da ke kansu da Hausa ba. Wannan yana damuna ƙwarai.

A bazarar da ta wuce wani saurayi da ke bin inji a wajen Wurno ya zo Gawon Nama, ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce, “Baba, manoma sun ce muna zubar musu da shinkafa, mun rasa inda matsalar take.” Kawu bai tambayi sunan injin ba. Ya ce masa ya koma ya bi bayan injin a ƙasa, ya duƙa ya ɗebi abin da ke fita. In ya ga zangarniya da tsaba a jikinta, ganga ba ta murza ba, ya matso da raga ko ya ƙara mata gudu. In tsabar da ke tanki a karye take, gudun ya yi yawa. In kuwa tsaba lafiyayya ce zube cikin ƙaiƙayi, fanka ta yi ƙarfi ko rariya ta toshe, ko direba na gaggawa. “Kak ka taɓa abu biyu lokaci guda,” in ji shi. “Gyara guda, ka tahi taki ashirin, ka sake dubawa.”

Saurayin ya kuma ce injin yana rasa ƙarfin tafiya idan ya yi zafi. Kawu ya ce a fara da duba man da matatarsa, in ba su ba ne to famfon tafiyar ne, irin na matsin mai da ba a sa wa injunan da ya yi aiki da su ba, kuma ba abin da za a buɗe a bakin gona ba ne. Famfon ne kuwa. Ba a same shi a Sakkwato ba, sai da aka aika Kano, manoman da ke kan layi suka nemo masu lauje.