Fadar Kawusan Da Ta Zama Masaukin Baƙi

Matafiyin da ya ƙetare iyaka a Jibiya, ya wuce Ɗan Isa ya shiga Maraɗi, in Allah Ya nufe shi da zarcewa arewa ta Damagaram, sawun ayarin Azbinawa yake bi, waɗanda shekara da shekaru suke gangarowa da gishirin Bilma zuwa zangunan Katsina da Kano. A ƙarshen wannan tafarki, daura da hasumiyar Masallacin Juma'a na Agadas mai tsawon mita 27, akwai wani gidan ƙasa da ake kira Hôtel de l'Aïr, wanda asalinsa fada ce, ba a gina shi don baƙi ba.

Mai fadar shi ne Kawusan, jagoran Buzaye kuma ɗan ɗarikar Sanusiyya, wanda a watan Disamba na 1916, da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, ya yi wa barikin Faransawa ƙawanya, har sai da dakaru suka taso daga Damagaram suka ƙwace garin a watan Maris na 1917. Kawusan bai daɗe a cikin fadar ba. A 1919 aka rataye shi a Murzuƙ ta ƙasar Libiya.

Abin al'ajabi, zauren da ya kasance majalisar mayaƙa, mai kauraran ginshiƙai da sanyi irin na randa ko da rana tsaka, shi ne ya koma ɗakin cin abinci, inda jikokin waɗanda aka yaƙa suka riƙa zama suna kurɓar shayi, sa'an nan su hau bisa soro su dubi hasumiya lokacin da ladan yake kiran magariba.

Amma ginin ƙasa amana ce mai neman hannu kullum. Da zarar damina ta ɗauke, wajibi ne magina su kwaɓa ƙasa da ciyawa, su toshe tsaga, su sake yaɓe, su duba azara da indararo; in aka yi sakaci shekara biyu, ruwa ya sami ƙofa. A ganina, kuɗin kwanan baƙi ne ya riƙe wannan gida fiye da darajar tarihinsa, domin da tawayen Buzaye na 2007 ya kore masu yawon buɗe ido, ɗakuna suka zama kufai, aljihun gyara ya bushe. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin kayan gadon duniya, fadar tana cikin gine-ginen da aka lasafta.