Gicciyen Baƙin Ƙarfe da Sojan Garwa

A layin 'yan gwanjo na Bracodi na ga wani matashi ya ɗaga wata riga yana taya ta. A ƙirjinta akwai baƙin gicciye mai hannaye huɗu daidai wa daida, kowanne ya buɗe baki a ƙarshensa, an zagaye shi da farin layi. Na tambaye shi ko ya san mene ne. Ya ce, "Baba, ai tambarin 'yan babur ne." Bai yi ƙarya ba, masu manyan babura a Amurka sun daɗe da ɗaukarsa. Amma asalinsa lambar jarumta ce ta Jamus, kuma labarinta ya ratso ta ƙasarmu.

A 1813 aka ƙirƙiro ta. Sarkin Furushiya, Friedrich Wilhelm na Uku, ya kafa ta a birnin Breslau yayin da ƙasarsa ke shirin yaƙar Napoleon, wanda ya murƙushe su a 1806. Takardar kafawar na ɗauke da ranar 10 ga Maris, ranar haihuwar matarsa Luise da ta rasu a 1810. Sarkin ne ya zana siffar farko, sai mai zanen gine-gine Karl Friedrich Schinkel ya daidaita ta.

Hikimar tana cikin kayan da aka yi ta da su. Lambobin sarakunan Turai na zinariya ne da duwatsu masu tsada. Wannan kuwa baƙin ƙarfe ne na zubi, irin na tukunya, sai siririyar azurfa a gefe. Lokacin baitulmali ya bushe, har mata na miƙa sarƙoƙinsu na zinariya don yaƙi ana ba su na ƙarfe. A jikinta aka sa kambi, da haruffan sarki FW, da ganye uku na itacen ok, da shekarar 1813, ana rataya ta da ƙyalle baƙi mai fararen layuka. Abu mafi girma shi ne ba ta duba muƙami: kurtu da janar lamba ɗaya suke samu. Kafin nan, babbar lambar Furushiya ta hafsoshi ce kaɗai.

Ba kullum ake bayar da ita ba, sai an sabunta ta idan babban yaƙi ya tashi: a 1870 da Faransa, a 1914, sannan a 1939, lokacin da Hitler ya ɗora mata tambarinsa ya ɓata mata suna.

To, ina ruwan Bahaushe? Da Jamus ta kama Togo da Kamaru a 1884, ta buƙaci masu riƙe mata bindiga. Rundunar 'yan sandan Togo da aka kafa a 1885 da Hausawa ta fara, kuma a Kamaru ma an ɗebi 'yan Arewa. Da irin waɗannan sojoji aka ci Garwa a 1901, aka fatattaki Lamiɗo Zubairu a Marwa a 1902. Sai dai daidaiton nan na 1813 bai ƙetaro teku ba. Tun 1892 Jamus ta ware wa baƙaƙen sojojinta wata lamba daban, zagayayya, mai suna Kriegerverdienstmedaille. Harsashi bai tantance fata ba, amma akwatin lambobi ya tantance.

A nan ne sunan Chari Maigumeri, ɗan ƙasar Borno, yake shigowa. Yana matashi ya shiga sojan Jamus a Kamaru, ya yaƙi Ingilishi a Garwa, aka kama shi da garin ya faɗi a 1915. Daga baya ya sa kakin waɗanda suka kama shi, ya kai Sajan Manjo, ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a Habasha da Bama, Ingila ta ba shi lambobinta, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lokoja sunansa yake ɗauke da shi. Labarin da ya yaɗu a Nijeriya yana cewa Jamusawa sun rataya masa Gicciyen Ƙarfe. Ni dai, bisa tsarin da suka shimfiɗa wa sojojin Afirka, na fi karkata ga cewa zagayayyar nan ce, bakin mutane ya ɗaga darajarta zuwa wadda ta cancance shi.

Mu na ɓangaren Faransa ta ɗaya gefen muka san wannan gicciye. Kakannin wasu da ke zaune a Treichville da Adjamé yau sun fuskanci masu sanye da shi a ramukan yaƙin Turai, suka dawo da Croix de guerre a ƙirji. Dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu, ba a daidaita kuɗin tsofaffin mayaƙa da na Faransawa ba sai a 2007, bayan yawancinsu sun kwanta dama.

Matashin ya saya rigar a jaka ɗaya. Ya ce zai sa ta ranar Lahadi.