BAYANI: Kusurwar ƙashin cinya da na damtse, da yadda take shafar makomar matasa

Duk lokacin da Rundunar 'Yan Sandan Najeriya ta buɗe ɗaukar sababbin ma'aikata, cikin sharuɗɗanta akwai cewa kada mai nema ya kasance da gwame ko ƙafafun da suka lanƙwashe kamar baka. Ga matashin Kongolam, garin kan iyaka a Ƙaramar Hukumar Mai'adua cikin masarautar Daura, wanda ya tashi yana ganin jami'an kwastam da na shige-da-fice, wannan sharaɗi kan iya rufe ƙofar aikin ɗamara. Sai dai ba kowace karkata ce cuta ba.

Yadda ƙasusuwan suke

Ƙashin cinya ba miƙaƙƙe ba ne. Wuyansa yana karkata kafin kansa ya shiga gurbin ƙugu. Kusurwar ta kai kimanin digiri 150 a jariri, sannan ta ragu zuwa wajen 125 ko 130 a baligi, saboda nauyin jiki da tafiya. Wuyan kuma yana ɗan murɗawa gaba, daga digiri 30 zuwa 40 lokacin haihuwa, ya koma kusan 15. Idan murɗawar ta yi yawa, yaro kan yi tafiya yatsun ƙafarsa na kallon juna.

Kan ƙashin damtse yana haɗuwa da gangarsa a kimanin digiri 135, yana fuskantar baya kaɗan. Waɗanda suka taso suna yawan jifa kan sami wannan juyawa ta fi yawa a hannun da suke jifa da shi. A gwiwar hannu ma akwai karkata ta digiri 5 zuwa 15, wadda ta fi fitowa a mata. Wannan duka bambancin halitta ne.

Wanda ke gyaruwa da kansa

Yawancin jarirai ƙafafunsu a lanƙwashe suke har wajen shekara biyu. Daga nan sai gwame ya bayyana, ya fi ƙarfi tsakanin shekara uku da huɗu, ya daidaita wajen shekara bakwai. Wannan ba ya buƙatar magani ko ɗauri.

Wanda ke buƙatar likita

Abin lura shi ne karkatar da ke ƙafa ɗaya kawai, ko wadda ke ƙaruwa, ko mai tare da ciwo, ɗingishi ko tsumburewa. Babban sanadi a Arewa shi ne laushin ƙashi na yara. Wani bincike da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne tushen cutar a yaran da aka duba, domin kalsiyam ya fi bitamin D shi kaɗai warkar da su. Gero, dawa da masara ba su da wadatar sinadarin. Nono, ganyen kuka da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna da shi.

Sanadi na biyu shi ne karayar da ta haɗe a karkace. Yaro ya karye saman gwiwar hannu, a yi ɗori ba tare da hoton ƙashi ba, hannun ya warke a lanƙwashe har girma. Ɗauri mai tsanani kuma kan tsayar da jini, har ya kai ga yanke hannu.

Inda gizo ke saƙa

Gyara ya fi sauƙi kafin ƙashi ya gama girma, amma asibitin ƙashi na ƙasa mafi kusa da Kongolam shi ne na Dala a Kano, tafiya mai cin kuɗin mota da na masauki. Saboda haka tambayar da ta kamata matasa su yi wa masu neman ƙuri'arsu ita ce: asibitoci nawa ne a masarautar ke da na'urar hoton ƙashi mai aiki, kuma wa ke duba ƙafafun yara a ranar rigakafi?