Jinya da Rana, Kwana a Gida: Yadda Zaman Rukuni ga Yara Ya Samo Asali

A manyan biranen Amurka a yau, idan yarinya 'yar shekara 15 ta fara yankar jikinta da reza, ko yaro ya ƙaurace wa makaranta wata biyu saboda fargabar da shi kansa bai san tushenta ba, likita yana da hanyoyi uku a gabansa. Ko ya haɗa shi da mai ba da shawara sau ɗaya a mako, abin da sau da yawa ba ya isa. Ko ya kwantar da shi a asibitin ƙwaƙwalwa, ƙofa a kulle. Ko kuma ya bi ta tsakiya: yaron ya riƙa zuwa wata cibiya kwana uku zuwa biyar a mako, galibi bayan an tashi daga makaranta, ya yi kamar awa uku tare da tsararrakinsa da masu jinya, sannan ya koma gida ya kwana a gadonsa. Haka za a yi ta yi na wasu makonni.

Wannan hanya ta uku ba mutum ɗaya ya ƙirƙiro ta ba. Igiyoyi biyu aka murza wuri guda: dabarar tara marasa lafiya a zama ɗaya, da dabarar jinyar yini ba tare da kwanciya ba. Abin da masu tallata tsarin ba su cika faɗa ba shi ne, a kusan kowane mataki na tarihinsa rashin kuɗi ko rashin gado ne ya fara tura likitoci, hujjar ilimi daga baya take biyowa.

Igiyar farko ba ma daga ciwon ƙwaƙwalwa ta faro ba. A 1905, wani likita a Boston mai suna Joseph Pratt yana fama da talakawa masu tarin fuka waɗanda ba su da halin zuwa gidajen jinya na musamman. Sai ya riƙa tara su mako-mako kamar aji, yana koya musu hutawa da shan iska, kowa yana rubuta nauyinsa da zafin jikinsa a littafi. Pratt ya lura cewa ganin juna yana yi musu wani amfani da laccarsa ba ta yi: wanda ya ga ɗan uwansa ya ƙara ƙiba, sai ya ƙara dagewa.

Wanda ya kai dabarar ga yara shi ne Samuel Slavson, baƙon haure Bayahude daga yankin Yukiren, wanda aikin injiniya ya koya, ba likitanci ba. A 1934 ya fara aiki da wata hukumar Yahudawa mai kula da yara a Niyok. Abin da ya yi zai ba malamin makarantarmu mamaki. Yakan tara yara kamar takwas, masu shekaru tsakanin 8 da 12, a ɗaki mai katako da guduma da fenti, ya bar su. Babban da ke ɗakin ba ya tsawa, ba ya wa'azi, ba ya tambayar kowa abin da ke damunsa. Idan rigima ta tashi yakan bari yaran su sasanta, sai in abin zai kai ga rauni. A ƙarshe a zauna a ci abinci tare. Hujjar Slavson ita ce yaro ɗan shekara tara ba zai zauna ya bayyana baƙin cikinsa da baki ba, amma zai nuna shi a yadda yake fizge guduma daga hannun wani, kuma a nan ne gyara zai shiga.

Akwai abu guda da Slavson ya tsananta a kai, wanda za mu sake cin karo da shi: ba kowane yaro yake ɗauka ba. Sai wanda yake da abin da ya kira yunwar zama da jama'a, wato yaron da ke son tsararraki su karɓe shi har zai iya sauya hali dominsu. Kuma yakan auna rukunin kamar mai haɗa miya, kada masu zafin kai su rinjayi masu noƙewa. A farkon shekarun 1940 ya jagoranci kafa ƙungiyar masu jinyar rukuni ta Amurka, ya kuma fitar da littafinsa na farko kan fannin a 1943.

Igiya ta biyu ta taso daga Mosko, a farkon shekarun 1930, inda ƙarancin gadaje ya sa wani asibitin ƙwaƙwalwa ya fara karɓar marasa lafiya da safe yana sallamarsu da yamma. A 1946 Ewen Cameron ya buɗe irin wannan asibitin yini a Montreal ta Kanada (shi ne dai Cameron ɗin da sunansa ya ɓaci daga baya saboda gwaje-gwajen da ya yi wa marasa lafiya da tallafin hukumar leƙen asirin Amurka), kusan lokaci guda da Joshua Bierer ya fara nasa a Landan.

A nan Najeriya ta shiga labarin, kuma ba a matsayin mai kwaikwayo ba. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya dawo daga Ingila ya kama aiki a Aro, kusa da Abeokuta, ya tarar ba a gama ginin asibitin ba. Sai ya yi yarjejeniya da ƙauyukan da ke kewaye: mara lafiya ya zo da ɗan uwansa, su kama ɗaki a gidan wani, da rana ya je a duba shi, da dare ya kwana cikin mutane. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Manya ne mafi yawan marasa lafiyar Aro, amma ginshiƙin tunanin shi ne wanda tsarin yara ya tsaya a kai yau: kada a yanke mutum daga danginsa da sunan jinya. Lambo ya kai matsayin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

A Amurka, doka ce ta ba jinyar yini gindin zama. Ranar 31 ga Oktoba 1963, makonni uku kafin a kashe shi, Shugaba Kennedy ya sa hannu kan dokar kafa cibiyoyin lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin al'umma, kuma jinyar yini na cikin ayyuka biyar da aka wajabta wa cibiyoyin. Amma ga matasa, akasin haka ne ya faru a shekarun 1980. Inshorar lafiya tana biyan kuɗin kwanciya ba tare da ja-in-ja ba, sai asibitoci masu zaman kansu suka mayar da matasa haja, suna talla a talabijin ga iyayen da 'ya'yansu suka gagare su. A Texas an zargi wasu asibitoci da riƙe yara har ranar da kuɗin inshorarsu ya ƙare, a ranar kuma su warke. A 1994 kamfanin National Medical Enterprises ya amince ya biya dala miliyan 379 don rufe tuhumar da gwamnatin tarayya ke yi masa.

Daga nan kamfanonin inshora suka matse bakin aljihu. Kwanciyar da a da kan kai wata ko fiye ta koma 'yan kwanaki. To yaron da aka sallama bayan mako guda, ina za shi? Sai aka aro tsarin zuwa-da-dawowa da masu jinyar shaye-shaye suka riga suka fara, wanda ƙa'idojinsu suka tanadi aƙalla awa tara a mako ga babba, shida ga matashi. Ba tausayi kaɗai ya haifi tsarin ba. Arha ma ta taka rawa, ni kuwa ban ga abin kunya a faɗin haka ba, tunda abu na iya zama mai arha kuma mai kyau.

Abin da ake koyarwa a cikin ɗakin ya zo ne daga hannun wata mata da ta ɗanɗana ɗaya hanyar. Marsha Linehan tana da shekara 17 aka kwantar da ita a wani asibiti a Hartford a 1961, ta yi fiye da shekara biyu a ciki, tana yankar jikinta tana buga kanta da bango. Ba ta bayyana wannan ga duniya ba sai a 2011. A tsakani ta zama farfesa a Jami'ar Washington, ta kuma wallafa tsarinta a 1993: koya wa mai son halaka kansa dabarun jure ƙunci, da sarrafa fushi, da neman buƙata ba tare da faɗa ba. Alec Miller da Jill Rathus a Niyok suka daidaita shi ga matasa, suka yi ƙarin da a ganina ya fi komai muhimmanci: iyaye ma su zauna a ajin, su koyi darasi ɗaya da 'ya'yansu. A 2014 wani gwaji a Oslo kan matasa 77 ya nuna tsarin ya fi jinyar da aka saba rage cutar da kai.

Sai dai rukuni wuƙa ce mai baki biyu. A 1939 an fara wani shiri a Cambridge da Somerville na jihar Massachusetts don kare yara maza daga faɗawa laifi: rabi aka ba su masu ba da shawara da taimakon karatu da sansanin hutu, rabi aka bar su. Da Joan McCord ta bi sawunsu bayan shekara 30, ta tarar waɗanda aka taimaka sun fi shiga matsala, kuma abin ya fi muni ga waɗanda aka tura sansani fiye da sau ɗaya. A 1999 ita da Thomas Dishion da wani abokin aikinsu suka wallafa bayanin dalili: idan aka tara kangararrun yara, dariyar da suke yi wa labarin ɓarnar juna ta fi nasihar babba tasiri. Wasu masu bincike daga baya sun ce an zuzuta haɗarin. Duk da haka, cibiyoyin kirki a yau suna hana yara bayyana dalla-dalla yadda suke cutar da kansu a gaban rukuni, suna kuma tantance wanda za su haɗa da wa. Slavson ya riga su da shekara sittin.

Mai karatu a Kano ko Kaduna ya san wannan matsala ta wata fuskar. A Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Rigasa suka fito da mutane kimanin 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu. Yana da sauƙi a zagi iyayen. Amma uban da ɗansa ya daina barci, ya fara shan maganin tari, yana zancen mutuwa, bai da hanya ta tsakiya: ko ya zuba ido, ko ya miƙa shi inda za a kulle. A Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, tana kuma maganar kai jinya cikin al'umma. Tsarin yini ba ya buƙatar gado ko katanga, sai ɗaki da ƙwararru biyu. Amma yana buƙatar wanda zai kai yaro ya dawo da shi sau uku a mako, da kuɗin Keke Napep, da uwar da za ta yarda maƙwabta su ga inda 'yarta take zuwa tun ba a fara maganar aurenta ba.