Lambar da ke Takardar Gwajin Sankarar Mama: Tarihinta da Iyakarta

Idan aka ciri tsoka daga maman mahaifiyarku ko 'yar'uwarku aka kai ɗakin gwaji, takardar sakamako kan dawo da lamba 1, 2 ko 3. Likitoci na kiranta giredi, wato ajin cutar. Kada ku haɗa ta da mataki: mataki yana nuna nisan da cutar ta yi a jiki, aji kuwa yana nuna kamannin ƙwayoyinta da saurin hayayyafarsu. Ba na'ura ke fitar da wannan lamba ba. Likitan binciken tsoka ne ke duba ɗan yanki a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya yanke hukunci. To, idan likitoci biyu suka duba yanki ɗaya, bakinsu zai zo ɗaya? Kimanin shekara ɗari ke nan ana fama da wannan tambaya.

A 1920, Albert Broders na asibitin Mayo a Amurka ya kasa sankarar leɓe aji huɗu, ya nuna cewa kamannin ƙwayoyi na iya nuna yadda cutar za ta kaya. A 1925 Robert Greenough na Boston ya gwada haka a kan sankarar mama, sannan Patey da Scarff suka sauƙaƙa tsarin a Landan a 1928. Sai dai a lokacin kowane likita da irin mudunsa, abin da wani ya kira mai tsanani wani ya ce matsakaici ne.

A 1957 Bloom da Richardson suka bi diddigin masu cutar 1,409, suka tsayar da abubuwa uku da za a duba: ko ƙwayoyin na jeruwa kamar hanyoyin nono na asali, yadda cibiyoyinsu suka sāɓa da na lafiyayyu, da yawan waɗanda ke rabuwa biyu. Kowanne maki 1 zuwa 3. Jimillar 3 zuwa 5 aji na 1 ne, 6 ko 7 aji na 2, 8 ko 9 aji na 3. Duk da haka saɓani bai ƙare ba, domin ba a faɗi iyakar "kaɗan" da "da yawa" ba.

Elston da Ellis na Nottingham a Ingila suka toshe wannan ɓaraka a 1991. Suka ce idan fiye da kashi 75 cikin ɗari na tsokar na da jerin hanyoyin nono, maki 1. Tsakanin 10 da 75, maki 2. Ƙasa da 10, maki 3. Ƙwayoyi masu rabuwa kuma a ƙirga su a fili goma na madubi, a kuma yi la'akari da faɗin filin. Wannan tsari na Nottingham shi ake koyar da likitocinmu, shi kuma za ku tarar a takardun da ke fitowa daga asibitocin koyarwa na Katsina, Kano, Zariya da Sakkwato.

Har yau akwai sauran rina a kaba. Da wuya wani ya ce aji na 1 wani ya ce na 3. Yawancin saɓanin yana gefen aji na 2 ne, inda maki ɗaya tal ke sauya lamba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2015, wanda ya haɗa likitoci 115, ya tarar sun dace da hukuncin ƙwararru da kashi 96 wajen gane sankarar da ta kutsa cikin tsoka, amma kashi 48 kacal a kan ƙwayoyin da ke tsakanin lafiya da cuta.

Mu masu harhaɗa magunguna mun san nauyin wannan takarda. Ajin cutar yana cikin abin da likita ke aunawa kafin ya rubuta allurar kemo, kuma a wannan tsokar ake gwajin da ke nuna ko tamoksifen ko tirastuzumab zai yi amfani.

A nan ne naku aikin ya shigo, domin ido komai ƙwarewarsa ba ya karanta tsokar da ta lalace. Ƙa'ida ita ce a tsoma ta cikin ruwan fomalin kafin awa ɗaya da cirowa. Idan an ba ku kwalbar ku kai ɗakin gwaji, kada ta kwana a gida a Ƙofar Durbi ana jiran kuɗin mota, kada a sa ta a ƙanƙara, kada kuma a binne tsokar kafin a gwada ta. Ku adana takardar sakamako da lambarta. Ɗakin gwaji yana ajiye ragowar tsokar cikin dunƙulen kaki, kuma ana iya yanko sabon yanki daga ciki ko bayan shekaru. Idan likitanku ya ga sakamakon bai dace da abin da yake gani a jikin mara lafiya ba, ku roƙe shi a aika dunƙulen ga wani likitan ya sake dubawa. Wannan ba raini ba ne ga na farko, hanya ce da su kansu suka yarda da ita. Amma kada neman ido na biyu ya zama dalilin ɓata watanni ba a fara magani ba.